Tsohuwar Kwalejin Sojan Ruwa ta Greenwich: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gininta da Tarihinta

Duk wanda ya tashi yana sauraren labaran rediyo ya saba jin "ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar". Harafin G ɗin nan na Greenwich ne, wata unguwa a kudu maso gabashin Landan, a bakin Kogin Thames. A wannan unguwa akwai wasu manyan gine-gine huɗu na farin dutse, masu ƙubba biyu, waɗanda suka yi shekara 125 suna matsayin kwalejin hafsoshin sojan ruwan Birtaniya. Turawa na kiran wurin Old Royal Naval College. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi.

Shin a wannan ginin ake auna agogon GMT?

A'a. Gidan nazarin taurari da ake danganta agogon da shi yana kan tudu, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga kwalejin. An kafa shi a 1675, kuma Christopher Wren ne ya tsara gininsa na farko, shi ne kuma ya tsara kwalejin daga baya. A taron ƙasashe da aka yi a Washington a 1884 aka amince layin da ya ratsa ta wannan tudu ya zama mafarin awon gabas da yamma na duniya. Layin ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya faɗa teku ta garin Tema na Ghana. Shi ya sa agogon Accra da Kumasi yake daidai da GMT, na Kano da Yamai da Njamena kuma yake gaba da awa ɗaya.

Abin da ya haɗa tudun da kwalejin shi ne teku. An gina na saman don matuƙa jirage su san inda suke a tsakiyar ruwa, na ƙasan kuma don su samu wurin hutawa in sun dawo a raunane.

To ba kwaleji aka gina tun asali ba ke nan?

Ba kwaleji ba ce. Wurin ya sha sauya riga. Da farko fadar sarakunan Ingila ce, a nan aka haifi Sarki Henry na 8 a 1491, da 'ya'yansa mata biyu da suka yi sarauta bayansa, Mary a 1516 da Elizabeth a 1533. Fadar ta lalace bayan yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640. Sarki Charles na 2 ya sa aka rushe ta, a 1664 ya soma sabuwa bisa zanen John Webb, amma kuɗi suka yanke bayan an tayar da ɓangare ɗaya tak. Haka ginin ya zauna kusan shekara talatin, babu mai shiga babu mai fita.

A 1692 rundunar ruwan Ingila da ta Holand suka fatattaki ta Faransa a yaƙin La Hogue. An yi murnar nasara, amma mayaƙan da suka dawo, wasu ba hannu, wasu ba ƙafa, wasu sun makance, ba su da inda za su sa kansu. Sarauniya Mary ta 2 ta ce a mayar da ginin nan da aka yasar ya zama gidansu. Ba ta ga an aza tubali ko ɗaya ba, don cutar agana ta kashe ta a watan Disamba na 1694 tana da shekara 32. Mijinta, Sarki William na 3, ya ɗauki aikin a matsayin cika mata buri. Aka aza harsashi a 1696, rukunin farko na tsofaffin mayaƙa, su 42, suka tare a 1705.

Turawa sun sa wa wurin suna Greenwich Hospital, kuma kalmar kan ruɗar da mutane su zaci asibiti ne na likita da allura. A ma'anarta ta wancan zamani, masauki ne na marasa galihu. Sojojin ƙasa sun riga sun samu irinsa a Chelsea, Faransa ma tana da nata a Paris tun shekarun 1670, don haka har da gasa a cikin lamarin.

Me ya sa ginin ya rabu biyu, aka bar tsakiyarsa fili?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin amsarta ce ta ba wurin siffarsa.

A bayan filin, wajen gindin tudu, akwai wani ƙaramin farin gida da ake kira Gidan Sarauniya. Inigo Jones ne ya tsara shi, an fara shi a 1616 aka gama wajen 1635, kuma shi ne gini na farko a Ingila da aka yi tsantsa bisa salon Italiya, mai kusurwa huɗu, ba tarkacen ado. Da aka rushe tsohuwar fada, sai gidan ya samu hangen kogi kai tsaye. Sarauniya Mary ba ta yarda a toshe masa wannan hangen ba. Saboda haka, lokacin da aka bayar da filin, sai aka cire wani ziri mai faɗin ƙafa 115, daidai faɗin gidan, daga ƙofarsa har bakin ruwa, aka ce nan ba mai taɓa shi.

Ga mai tsara gini wannan sharaɗi ne mai nauyi. A ƙa'idar manyan gine-ginen Turai na lokacin, tsakiya ita ce wurin babbar ƙubba ko babban zaure, sauran sassa su yi mata fikafikai. Zanen Wren na farko ma haka yake, kuma da an bi shi da Gidan Sarauniya ya ɓace a bayan bango. Da aka hana shi tsakiyar, sai ya raba aikin gida huɗu, kowane da tsakar gidansa. Biyu suna bakin kogi, na Sarki Charles da na Sarauniya Anne, da babban fili a tsakaninsu. Biyun da ke bayansu, na Sarki William da na Sarauniya Mary, ya matso da su kusa da juna har suka tsaya a gefen zirin nan, ya ɗora wa kowane ƙubba a kusurwa, ya jera musu dogayen barandu masu ginshiƙai bibbiyu.

Idan ka tsaya a bakin ruwa ka fuskanci tudu, za ka ga abin da wannan dabara ta haifar. Filin yana farawa da faɗi, ya tsuke a tsakanin ƙubbobin, ginshiƙan su ja idonka har ya sauka kan ƙaramin farin gidan can ƙurya, tudu da bishiyoyi a bayansa. Akwai waɗanda abin bai gamsar ba. Marubucin nan Samuel Johnson, da ya ziyarci wurin a 1763, ya ce sassan sun rarrabu da yawa har sun kasa zama abu guda. Har yau wasu masana gini na cewa gidan ya yi ƙanƙanta da ya riƙe tsakiyar irin wannan katafaren aiki. Ni dai a ganina nan ne kyan wurin yake. Samun gini na alfarma wanda ya matsa gefe ya ba ƙaramin da ya girme shi hanya ba abu ne da ake gani kullum ba, kuma wannan filin da aka bari shi ne abin da mai ziyara ya fi tunawa bayan ya koma gida.

Wren ne kaɗai ya yi aikin?

Shi ya shimfiɗa tsarin, kuma bai karɓi ko kwabo ba, sadaka ya yi da iliminsa. A daidai lokacin yana fama da ginin babbar majami'ar St Paul da gobarar Landan ta 1666 ta cinye tsohuwarta, don haka yawancin aikin yau da kullum ya faɗa kan mataimakinsa Nicholas Hawksmoor. Bayansu John Vanbrugh ya karɓa, sai Colen Campbell, sai Thomas Ripley wanda a hannunsa aka kammala sashen Sarauniya Mary a 1751. Shekara 55 ke nan daga aza harsashi, Wren kuwa ya rasu tun 1723.

Abin yabo shi ne Wren ya sa an haƙa harsashin dukkan sassan tun da wuri, yadda duk wanda ya gaje shi ba shi da zaɓi sai ya bi layin da aka ja. Duk da haka hannun kowa ya nuna. Fuskokin da ke kallon kogi da babban fili an yi su da farin dutsen Portland. Amma ka leƙa tsakar gidan sashen Sarki William, za ka tarar da jan bulo haɗe da dutse, da manyan ginshiƙai da tagogi masu siffa iri-iri, wasu zagaye wasu masu baka, aiki mai ƙarfin hali da ya sha bamban da natsuwar da ke waje. A nan ne kuma aka ɗora wani sassaƙe na tunawa da Admiral Nelson, shahararren kwamandan rundunar ruwan Birtaniya, a 1812.

Daga ina aka samu kuɗin wannan aiki?

Daga aljihun ma'aikatan jiragen kansu, da farko. Doka ta sa a riƙa cire sisi kowane wata daga albashin duk wanda ke aiki a jirgin ruwa, na yaƙi ne ko na 'yan kasuwa. Ma'aikatan jiragen kasuwa sun daɗe suna ƙorafi, don suna biya amma da wuya su samu gurbi a gidan. Sarki da attajirai sun yi alkawarin gudunmawa, an haɗa da tarar da ake ci wa masu fasa-ƙwauri. A 1705 Sarauniya Anne ta miƙa fam 6,472 da aka ƙwace daga dukiyar William Kidd, wanda aka rataye a 1701 bisa laifin fashin teku. A 1735 kuma majalisa ta ba gidan filayen Derwentwater da ke arewacin Ingila, waɗanda aka ƙwace bayan tawayen 1715, kuma ma'adinin darma da ke cikinsu ya riƙe gidan shekaru da yawa.

Mene ne Zauren Zane da ake ta magana a kansa?

Shi ne wanda Turawa ke kira Painted Hall, yana ƙarƙashin ƙubbar sashen Sarki William. An gina shi don tsofaffin mayaƙan su riƙa cin abinci. A 1707 aka ba James Thornhill aikin yi masa zane, bai ajiye burushi ba sai 1726, shekara 19. Faɗin abin da ya zana ya kai murabba'in ƙafa 40,000, da surorin mutane wajen 200. Da awo aka biya shi kamar mai sayar da yadi: fam 3 kowane murabba'in yadi a rufi, fam 1 a bango, jimilla fam 6,685.

Da ka shiga daga ƙofar da ke ƙarƙashin ƙubba, ka hau matakala, sai dogon zauren ya buɗe a gabanka. A tsakiyar rufin, William da Mary na zaune a kan karaga, ƙafar William ta take wani mutum riƙe da karyayyen takobi, wanda kowa a lokacin ya gane Sarki Louis na 14 na Faransa ake nufi. A ƙarshen rufin ta kowane ɓangare akwai jirgin yaƙi. A gefe-gefe akwai masana taurari, cikinsu har da John Flamsteed, shugaban gidan nazarin da ke kan tudu, da takarda mai ɗauke da ranar da ya ce za a yi husufin rana, 22 ga Afrilu 1715. An zana shi kafin ranar ta zo, kuma husufin ya auku. Zaure na ciki yana nuna Sarauniya Anne da mijinta a rufi, kewaye da surorin nahiyoyi huɗu da Turawa suka sani a lokacin, har da Afirka. Bangon ƙurya kuma na Sarki George na 1 ne da iyalinsa. Sarauta ta sauya hannu Thornhill yana kan aiki, don haka zanen ya bi siyasar kowane zamani.

Abubuwa biyu ya kamata a duba da kyau. Na farko, ginshiƙan da ke jikin bango. Daga nesa za ka rantse an sassaƙa musu tsagi, sai ka matso ka kalle su ta gefe ka ga bangon sumul yake, fenti ne da inuwa kawai. Na biyu, wani tsoho mai farin gemu a cikin rufin, wanda ke wakiltar lokacin sanyi. Ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Sunansa John Worley, yana cikin mayaƙan farko da suka tare a gidan, kuma ya haura shekara 90 kafin ya rasu. A cikin sarakuna da gumakan tatsuniyoyin Girka da suka cika rufin, fuskarsa ce ta mutumin da aka gina wurin dominsa. Thornhill ma ya zana kansa a ƙasan bangon ƙurya ta dama, da hannunsa a buɗe. Masu zagayawa da baƙi kan ce haƙƙinsa yake nema, don an ja masa rai kafin a biya shi.

Abin takaici, da aka gama zanen sai zauren ya fi ƙarfin waɗanda aka yi shi don su. Aka mayar da su ɗakunan da ke ƙasa suna cin abinci a can, zauren ya zama wurin kallo na baƙi masu biyan kuɗi. Daga 1824 zuwa 1936 ya zama gidan ajiye zane-zanen yaƙin ruwa, daga 1939 kuma hafsoshin kwalejin suka riƙa cin abinci a ciki.

Me ya haɗa Nelson da wannan zaure?

An kashe shi a yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba 1805. Aka dawo da gawarsa Ingila, aka ajiye ta a zauren ciki daga 5 zuwa 7 ga Janairu 1806, dubban mutane suka yi cincirindo a ƙofa don yi masa bankwana. Kashegari aka ɗauke ta ta kogi zuwa tsakiyar Landan, ranar 9 ga wata aka binne shi a St Paul. Akwai allo a daɓen zauren daidai inda akwatin ya zauna.

Ƙubba ta biyun fa, me ke ƙarƙashinta?

Cocin gidan ne. Wanda ake gani yanzu ba shi ne na asali ba, gobara ta cinye cikinsa a watan Janairu na 1779. James Stuart da mataimakinsa William Newton suka sake tsara shi, aka buɗe a 1789. Tsallaka fili daga Zauren Zane zuwa nan kamar tsallaka shekara sittin ne na sauyin ra'ayi: can launuka masu duhu da hayaniyar surori, nan kuma haske da ado na filasta mai laushi, ruwan bula da fari, bisa salon tsohuwar Girka. Babban zanen da ke gaba na Benjamin West ne, yana nuna Bulus na Littafi Mai Tsarki bayan jirginsa ya tarwatse a tsibirin Malta, labarin da tsofaffin da suka sha tsallake rijiya da baya a teku ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. A daɓen an shimfiɗa siffar igiyar jirgi da ƙugiyar tsayar da shi da dutsen marmara. Daga waje kuma, ɗaya ƙubbar na ɗauke da agogo, ɗayar da allon nuna inda iska ke kaɗawa, don mutanen jiragen filafilai sun fi damuwa da iska a kan lokaci.

Yaya rayuwar tsofaffin take a cikin irin wannan fada?

Ba rayuwar fada ba ce. Dogayen ɗakuna ne aka yayyanka da katako, kowa da ɗan lungunsa kamar a jirgi, da gado da akwati. Ana ba su tufafi shuɗɗa da hula mai kusurwa uku, da abinci, da sule ɗaya a mako na kashewa. Wanda ya yi laifi, kamar maye ko faɗa, sai a sa masa riga ruwan ɗorawa ya yi shara kowa na ganinsa. Babban abin da ya fi ci musu rai shi ne ba a yarda su zauna da matansu da 'ya'yansu a ciki ba, ga zaman banza ga wanda ya saba da aiki. Yawansu ya kai 2,710 a 1814, ƙarshen yaƙe-yaƙen Napoleon. Johnson ɗin nan ya kuma ce ginin ya yi wa gidan sadaka alfarma da yawa. Ban yarda da shi a nan ba, mutumin da ya bar ƙafarsa a teku bai fi ƙarfin rufi mai kyau ba. Amma gaskiya ne alfarmar ta fi yi wa masarauta amfani fiye da mazauna ciki, kuma su ma sun nuna hakan: da aka ba su zaɓi a 1865 su karɓi fansho su koma cikin danginsu, da yawa suka tattara kayansu. A 1869 aka rufe gidan.

Yaushe ya zama kwaleji, kuma me ake koyarwa?

A 1873. Jiragen yaƙi sun bar katako da filafilai sun koma ƙarfe da tururi, hafsan da bai san lissafi da injiniyanci ba ya zama ba shi da amfani a kansu. Sai aka ɗauko kwalejin da ke Portsmouth da makarantar ƙera jirage da ke South Kensington aka haɗe su a nan. Ana koyar da lissafi, kimiyya, injiniyanci, zanen jirgi, harsuna, daga baya aka ƙara dabarun yaƙi da horon manyan hafsoshi. Ɗakunan kwanan tsofaffi suka zama azuzuwa da ɗakunan gwaji. Ɗalibai daga wasu ƙasashe ma sun zo. Yan Fu na ƙasar Sin ya yi karatu a nan daga 1877 zuwa 1879, ya koma gida ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fassara ilimin Turai zuwa Sinanci. Daga 1939 aka fara horar da hafsoshi mata, dubbai suka wuce ta nan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Rundunar ta bar wurin a 1998, bayan an haɗe kwalejojin manyan hafsoshin ƙasa da ruwa da sama wuri ɗaya.

Da gaske ne an taɓa ajiye na'urar nukiliya a ciki?

Da gaske ne. Sunanta JASON, ƙarama ce mai ƙarfin kilowat 10, ta yi aiki daga 1962 zuwa 1996 a cikin sashen Sarki William, gini ɗaya da Zauren Zane. Da ita ake koyar da waɗanda za su yi aiki a jiragen ƙarƙashin teku masu amfani da makamashin nukiliya. An kwance ta an fitar da ita gaba ɗaya a 1999.

A nan ne hafsoshin sojan ruwan Najeriya na farko suka yi horo?

Ana yawan rikita wannan kwaleji da wata. Greenwich ta masu ƙarin karatu ce, waɗanda suka riga suka zama hafsoshi. Horon farko a Dartmouth ake yinsa, can kudu maso yammacin Ingila, a kwalejin Britannia, wadda har yau tana aiki. Ita ma tana da gini mai tarihi na jan bulo da farin dutse a kan tudu, wanda Aston Webb ya tsara aka buɗe a 1905. Kafin nan a cikin tsofaffin jiragen katako da aka ɗaure a Kogin Dart yaran ke kwana suna karatu, tun 1863. Murtala Nyako, wanda ya shugabanci rundunar sojan ruwan Najeriya daga 1990 zuwa 1992 kuma ya yi gwamnan Adamawa daga baya, a Dartmouth ya fara horo a 1963.

Wannan ba ginin tunƙahon mulkin mallaka ba ne? Me zai sa mu damu da shi?

Tambaya ce mai kyau, kuma bai kamata a kauce mata ba. Rufin Zauren Zane yana yabon ƙarfin ruwa da kasuwancin Birtaniya ne, kuma a shekarun da Thornhill ke zanensa, cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma na cikin wannan kasuwanci. Sarki William da ke zaune a tsakiyar rufin ya mallaki hannun jari a kamfanin Royal African Company mai safarar bayi. A zamanin Sarauniya Anne, yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta ba Birtaniya kwangilar kai bayi yankunan Sifen na Amurka. Rundunar da aka yi wa wannan gida ita ce daga 1808 ta riƙa tare jiragen bayi a gaɓar Afirka, ita ce kuma ta yi wa Legas luguden wuta a 1851, wani hafsanta, Harry Rawson, ya jagoranci harin da aka kai Benin a 1897 aka kwashe kayan tarihinta.

Duk wannan yana jikin ginin, kuma shi ya sa ya cancanci a san shi da idon basira. Akwai kuma wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba: baƙaƙen fata sun yi aiki a jiragen yaƙin Birtaniya, wasunsu sun tsufa a wannan gida, sanye da shuɗiyar rigar nan, suna cin abinci a teburi ɗaya da sauran. Daga 1870 zuwa 1986 kuma tsohon sashen jinya na gidan ya zama asibitin Dreadnought, mai karɓar ma'aikatan jiragen ruwa na kowace ƙasa.

Wa ke kula da wurin yanzu?

Filin har yau mallakar gidauniyar Greenwich Hospital ce, wadda ba ta mutu ba, tana ci gaba da tallafa wa sojojin ruwa da iyalansu. A 1995, da gwamnati ta tallata wurin tana neman masu haya, jama'a suka yi ca, don tsoron kada ya faɗa hannun 'yan kasuwa. Sai aka kafa wata gidauniya ta musamman, Greenwich Foundation, aka ba ta haya ta shekara 150. A 1997 UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Jami'ar Greenwich na amfani da mafi yawan sassan, makarantar kiɗa ta Trinity, wadda yanzu ake kira Trinity Laban, kuma tana sashen Sarki Charles tun 2001. Masu shirya fina-finai ma na biyan kuɗi su yi ɗauka a filin. Wannan zirga-zirga ita ke riƙe da ginin, don ɗakin da ake shiga kullum shi ake lura da yoyonsa da wuri.

An yi wa Zauren Zane babban gyara daga 2016 zuwa 2019, aka kashe fam miliyan 8.5. Ba sabon fenti aka shafa ba, wanke dattin shekaru aka yi a hankali, aka daidaita haske da zafi da danshin zauren don zanen ya daɗe. Aka kafa dandamali har kusa da rufi, aka bar jama'a suka hau suna kallon aikin da idonsu. Ana cikin gyaran ɗakin ƙasa a 2017 sai ma'aikata suka ci karo da ɗakuna biyu na tsohuwar fadar su Henry na 8, ɗaya da ramuka a bango da ake jin na ajiye amyar zuma ne lokacin sanyi. An bar su a buɗe, mai ziyara na iya leƙawa ya gani.

Idan Allah ya kai ni Landan, ta ina zan fara?

Shiga filin kyauta ne, Zauren Zane ne ake yankar tikiti. A ciki akwai kujeru masu faɗi da za ka kishingiɗa ka kalli rufin ba tare da wuyanka ya ƙage ba, kuma ka ba shi aƙalla rabin awa. Amma kada ka fara da shiga. Ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Island Gardens, a ɗaya gaɓar kogin, ka tsaya a bakin ruwa. Daga nan ne mai zane Canaletto ya zana wurin wajen 1750, kuma abin da ya gani kusan shi za ka gani: sassa huɗu, ƙubba biyu, farin gida a tsakiya. In ka ƙoshi da kallo, sai ka gangara ramin ƙafa da aka haƙa a ƙarƙashin kogin a 1902, ka ɓullo kusa da tsohon jirgin Cutty Sark, ƙofar kwalejin na gefenka na hagu.